Kazaure: Kafin Jirgin Ƙasa Ya Iso

Duk wanda ya taso daga Kano ya bi hanyar Daura, da ya wuce Dambatta zai fara hango duwatsun Kazaure. Garin ya kwanta tsakanin tsaunuka da ruwan madatsa, kuma shi ne hedikwatar masarautar da Ɗan Tunku ya kafa, wadda ta haɗa Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Amma ƙannena, idan kun je kada ku tsaya kallon duwatsu kawai. Ku dubi gefen titi, inda gonakin gero ke komawa fulotai, ana jibge yashi da bulo.

Dalilan wannan sauyi a fili suke. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, wadda ɗalibanta da malamanta ke neman ɗakunan haya. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal yana aikin. Layin zai ratsa Kazaure ya nufi Daura da Katsina. Duk inda tashar jirgi ta sauka, filayen da ke kusa sukan yi tsada. Manomin da bai san haka ba zai iya sayar da gonar gado da arha, ya dawo yana haya a kanta.

Akwai karatun da ya shafi wannan: ilimin kula da gidaje da filaye da ƙiyasta darajarsu. Mai wannan sana'a ya wuce dillali. Shi ke lissafa diyyar da ta dace idan gwamnati ta karɓi gona, ya tsara rukunin gidaje, ya faɗa wa banki darajar gidan da aka kawo jingina. Dole ya san Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna. Ana koyar da fannin a Jami'ar Bayero ta Kano, kuma masu sana'ar suna da ƙungiyarsu, NIESV, tun 1969.

Me zai sa mutum ya ƙetare teku? Ganin yadda wasu suka yi, da kuma sanin mutane. A Ingila, Jami'ar Reading ta yi suna a wannan fanni, kuma a Landan ƙungiyar RICS take, wadda aka kafa a 1868, ana girmama shaidarta a ƙasashe da dama. Singafo kuwa ba baƙuwa ba ce ga Kazaure, don cibiyar koyon kwamfuta da aka buɗe a garin zamanin Gwamna Saminu Turaki da haɗin gwiwar wata makarantar can aka fara ta. A 1960 ƙasar ta kafa hukumar gidaje, yau kusan kashi 80 cikin 100 na mazaunanta a gidajen hukumar suke. Abokin ajinka a irin waɗannan wurare gobe yana iya zama injiniya ko ma'aikacin banki ko mai zuba jari. Sabo da maza jari ne.

Sai dai mai kuɗin Singafo ba zai neme ka don ka san Singafo ba. Zai neme ka ne don ka san wane fili ruwa ke kwanciya a cikinsa da damina, wanne ke da rigimar gado, da wane dagaci za a fara gaisarwa a Roni ko Babura. Wannan a gida ake koyonsa.

Don haka ku riƙe lissafi da labarin ƙasa da tattalin arziki da Turanci da kyau. Lokacin hutu, ku bi safiyo ko magini ku ga yadda ake awon fili da kafa tubali. Ku tambayi mai unguwa yadda ake rubuta takardar ciniki da shaidu. Ranar da jirgi zai tsaya a Kazaure, za a buƙaci masu faɗin darajar filayen garin, kuma ya kamata a same su cikinku.