Ɗaya Shaddar ta Briketeri

Da abu biyu aka san unguwarmu a Yawunde, tsire da shadda. Wanda ya zo Briketeri da yamma zai tarar da hayaƙin tukuba ya tokare hanya, idan kuma salla ta matso, ƙarar kekunan ɗinki ba ta barin kowa barci. To, kalmar shadda abu biyu take nufi a Hausa. Akwai wadda ake sawa a je Idi, akwai kuma wadda ake haƙawa a bayan gida a rufe da siminti, ba a son ambatonta a gaban baƙo. A kan ta biyun nake son mu ɗan tattauna, mai karatu ya yi haƙuri da warin.

Sunan unguwar da kansa daga ƙasa ya fito, don da Faransanci yana nufin wurin yin bulo, kuma an yi wannan sana'a a nan tun zamanin Jamusawa. Yau gida na manne da gida a kan gangare, lungunan kuwa wasu ko amalanke ba ya wucewa sai an karkata shi. Ba mu da bututun da ke kwashe ƙazanta daga gidaje zuwa wata matata, kamar yadda mafi yawan Yawunde ba ta da shi. Kowane gida da raminsa. Idan rami ya cika, mai gidan da ke bakin titi yana iya kiran motar zuƙa, in yana da kuɗin. Wanda ke can cikin lungu, inda tiyon mota ba ya kaiwa, sai ya nemo masu yasa da hannu. Suna zuwa ne bayan sallar isha'i, da bokiti da shebur da fitila, su yi aikinsu su tafi kafin asuba. Ina suke kai abin? Kowa ya sani, ba mai faɗa. A watan Oktoba, lokacin da ruwa ke sauka kamar da bakin ƙwarya, akwai gidajen da ke buɗe ramukansu su bar lambatu ya yi musu aikin kyauta. Daga lambatu sai rafin Ekozoa, daga nan sai Mfoundi, sai Mefou, sai Nyong, kogin da birnin ya daɗe yana ɗibar ruwan famfo daga cikinsa a Akomnyada. Da kwalara ta ɓulla a Yawunde a 2023, an yi ta yi mana wa'azin wanke hannu. Wa'azi ne mai kyau, amma bai taɓa ramin ba.

Shekara da shekaru, motocin zuƙar ma ba su da wurin kirki. Nomayos suke zuwa, a bayan gari ta hanyar Mbankomo, su juye a fili su juyo. A 2021 aka buɗe matatar Etoa, wadda aka gina musamman don karɓar abin da motocin ke ɗaukowa. A can ana raba ruwa da daskararren, a shanya daskararren ya bushe, ruwan kuma ya bi ta tafkuna har ya lafa. Tun daga lokacin, maganar da ake ta yi ita ce yadda za a inganta irin waɗannan wurare su daina zama makabartar ƙazanta kawai, su riƙa fitar da abin amfani: taki, ciyawar dabbobi, makamashi, ruwan ban-ruwa. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Damuwata guda ce. Matata ba ta iya tace abin da bai iso gare ta ba, kuma na lungunanmu ba ya isa.

Kafin in koma kan wannan, bari in faɗi abin da ke cikin ramin, don mutane da yawa suna ɗauka zancen 'yan boko ne. Abincin da muka ci, sinadaran da shuka ta zuƙo daga ƙasa ba ɓacewa suke yi ba. Nitirojin da fosfaras da fotash, waɗanda manomi ke saye a buhun takin zamani, su ne dai ke fita daga jikinmu, kuma mafi yawan nitirojin ɗin a fitsari yake. Kamaru kuwa daga waje take shigo da takin zamaninta, shi ya sa da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, manomin tumatir a Foumbot ya ji a aljihunsa. Wato muna sayen abu da kuɗin waje a tashar jirgin ruwan Duwala, muna kuma zubar da irinsa a rafi da tsakar dare.

Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Ƙauyukan da ke kewaye da Kano sun yi ɗaruruwan shekaru ana noma gona ɗaya ba hutu, kuma sirrin shi ne jaki. Jaki ya shigo birni da itace, ya koma da mangalar taki daga juji da turken dabbobi. A Agiye ta jihar Maraɗi an koya wa manoma tara fitsari a jarka, a toshe ta a ajiye na wani lokaci har ƙwayoyin cuta su mutu, sannan a zuba wa shuka. Suna ce masa takin ruwa. Matan da ke noman gero a yankin sun ba shi wani suna, Oga, don kada sunansa na asali ya hana mutane taɓa shi. Wannan dabarar sauya suna ta fi wasu tarurrukan bita amfani.

A nan Yawunde ma an yi aikin da ya kamata mu sani. Rukunin gidajen gwamnati na Messa da Cité Verte suna da matatun ruwan ƙazanta masu aiki da injina, waɗanda suka lalace suka zauna shekaru ba gyara. Da aka tashi farfaɗo da su, sai aka koma ga hanya mai sauƙi: a shimfiɗa tsakuwa da yashi, a dasa ciyawa a kai, ruwan ya ratsa ta cikinsu. Masana a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya, cikinsu har da Farfesa Ives Kengne, sun daɗe suna gwada wata ciyawar fadama a wannan aiki, 'yar uwar burgun da ake yanka wa shanu a bakin kogin Kwara a Mali da Nijar. Saiwarta na hana yashin toshewa, tana shan ruwan tana girma da sauri, ana yanka ta sau da yawa a shekara, dabbobi kuma suna cin ta. Abin da ya taru a gindinta kuwa, bayan ya daɗe, yakan koma baƙar ƙasa mai laushi.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Wa ke kiwon tumaki a tsakiyar Yawunde in ba mu ba? Duk wanda ya taɓa riƙe ragon layya mako biyu a tsakar gida a birnin nan ya san abin da ciyawa ke ci. Wa ke ƙona itace da gawayi kowane dare in ba masu tukuba ba? Kasuwar abin da matata za ta fitar tana nan a ƙofar gidanmu. Sai dai kada a ruɗe mu da alkawarin iskar gas daga tsohon rami. Abin da ya shekara biyar a shadda ya riga ya ruɓe, gas ɗinsa ya tafi. Mai neman gas ya nufi mayankar Etoudi, inda ake zubar da tumbi da jini sabo kowace safiya.

Akwai tambayar da na san tana bakin mai karatu, don ita dattawan majalisarmu suka fara yi: najasa fa? Na kai ta wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa. Ya ce, "Malam, ai wannan ba sabuwar mas'ala ba ce." Ya nuna mini cewa a Muhtasar na Shehu Halil, amfanin gonar da aka shayar da najasa yana cikin jerin abubuwa masu tsarki. Inda malaman Malikiyya suka yi taka-tsantsan shi ne sayar da ita kanta najasar, kuma a nan ma akwai zance mai tsawo a kan lalura da kuma abin da ya rikiɗe ya bar siffarsa ta farko. Ban isa in yanke hukunci ba. Abin da na lura shi ne, masu tsara waɗannan ayyuka suna kiran injiniya da ɗan jarida, ba sa kiran limami, alhali a unguwa irin tamu huɗubar Juma'a ɗaya a babban masallaci ta fi allon talla goma.

Tsoron da ya fi na fiƙihu ƙarfi a wurina shi ne na lafiya. Ƙwan tsutsar ciki yana da taurin rai, yana iya yin watanni a busasshen taki yana jira. Sai an haɗa takin da shara mai ruɓewa, ya yi zafi sosai na kwanaki, ko a ajiye shi ya daɗe, kafin ya dace da gona. Idan aka yi gaggawar sayarwa don a nuna riba, latas da kabeji za su dawo mana da abin da muka kora. Sannan akwai halinmu na mayar da shadda bola. Leda, ƙunzugun jarirai na zamani, tsumma, batir, baƙin man babur, ragowar magani, duk can ake jefawa. Ledar tana toshe tiyon mota, batir da baƙin mai kuma suna lalata takin gaba ɗaya. Manomin da ya sayi buhu ya tarar da rabinsa leda, ba zai sake dawowa ba.

Shi ya sa nake ganin idan za a kashe kuɗi wajen inganta matata, kashi mai tsoka ya kamata ya tsaya a lungu. A sama wa masu yasa ƙaramin famfon hannu da durom mai murfi da keke mai ƙafa uku wanda zai iya shiga inda mota ba ta shiga. A gina wurin tarawa a bakin babban titi, inda mota za ta riƙa zuwa tana kwashewa zuwa Etoa. Mafi muhimmanci, a biya su a kan kowane durom da suka kai, daga kuɗin takin da ciyawar da aka sayar. A yanzu mai yasa yana karɓar ladansa ne daga mai gida, saboda haka da zarar ramin ya zama fanko aikinsa ya ƙare, kuma lambatu ya fi ko'ina kusa. Ranar da durom ya zama kuɗi a hannunsa, ba sai an sa ɗan sanda ya bi shi ba.

Waɗannan mutane na san wasunsu. Da rana za ka gan su suna dako a kasuwar Mokolo ko suna tura ruwa, ba kuma za su gaya maka aikinsu na dare ba, don mai yasar shadda ba ya samun mata da sauƙi a unguwar nan. Suna shiga rami ba safar hannu, ba takalmin roba, wasu sai sun sha abin da zai gusar musu da hankali kafin su iya sauka. Akwai wanda ya ce mini abin da ya fi damunsa ba warin ba ne. Gidan da ya yi wa aiki da dare, in ya dawo karɓar cikon kuɗinsa da safe, a ƙasa ake ajiye masa, ba a miƙa masa a hannu.