Yaranmu na Agege da sunayen yanayi



A zamanmu na ƙarshen watan da ya wuce, bayan mun gama karanta bayanin kuɗin taimako, wani ɗan'uwanmu mai sayar da hatsi a kasuwar Mile 12 ya ce shi kam da kaka zai tafi gida. 'Yarsa mai shekara uku da rabi tana zaune a cinyarsa. Sai ta ɗago kai ta ce, "Baba, ai Kaka tana Katsina, yaya za ka tafi da ita?" Kowa ya yi dariya har da hawaye. Amma da muka koma gidajenmu muka tambayi namu yaran, sai dariyar ta ragu. Mene ne hunturu? Shiru. Bazara fa? Shiru. Masu zuwa makarantar nazare sun san sunan ruwan sama da Turanci, wasu ma sun san ojo na Yarabanci daga bakin maƙwabta, amma ba wanda ya taɓa jin kalmar marka.

Ba laifinsu ba ne. Sararin da suke gani a Zangon Agege daban yake da wanda muka tashi a ƙarƙashinsa. A Kano ko Katsina damina ɗaya ce, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba, kuma Agusta shi ne tsakiyar marka. A Legas ruwa yana farawa tun Maris ko Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. Wato lokacin da ake ta marka a gida, mu a nan muna ɗan samun sarari. Abin da ke sauka a Legas a shekara ya haura milimita 1,500, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu. Hunturu kuwa kafin ya ƙaraso nan ƙarfinsa ya ƙare, sai ɗan hazo na wasu kwanaki a Disamba ko Janairu.

Iyayenmu da kakanninmu da suka riƙa zuwa Agege fataucin goro, musamman bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, da yawansu ba su rabu da lissafin gida ba. Ko kalmar cin rani da kanta lissafin yanayi ce: a sauko bayan kaka, a koma idan hadari ya fara haɗuwa. Mu kuwa mun zauna, mun yi aure, mun haifi yara a nan. Idan ba mu faɗa musu sunayen ba, babu gonar da za ta faɗa musu.

Mafitar ta fito ne daga wata malama cikin matan ƙungiya. Ta zo da wani ɗan littafin hotuna na Hausa da aka kawo mata daga Kano, shafi kaɗan, kowane shafi hoto babba da jimla ɗaya: hadari, ruwa, gero ya fito, an cika rumbu. Ta ce yaro ɗan shekara biyu ko uku ba ya riƙe kalma sai ya taɓa ta da hannu. Sai muka tara yara goma sha ɗaya ranar Asabar bayan la'asar, aka nuna musu hotunan sau biyu, aka ba kowa aikinsa.

Ga yadda aka yi, ga wanda zai gwada a gida. A samu kwalin Indomie, babba ya ɗora faifai a kai ya zana da'ira, ya yanke da almakashi. A ja layi biyu a raba da'irar gida huɗu. Gidan damina, yaro ya manna auduga a sama ita ce hadari, ya jera guntayen shuɗin zare a ƙasa su ne ruwa. Gidan kaka, a manna busasshen ɓawon masara. Gidan hunturu, a shafa gam a yayyafa ɗan rairayi, shi ne hazo. Gidan bazara, ƙyalle ruwan ɗorawa daga wajen tela, a yanka shi zagaye, ita ce rana. A tsakiya a sa kibiyar kwali da za ta riƙa juyawa, a ɗaure ta da zare ta baya. Minti talatin ya isa, don bayan haka hankalinsu ya tafi wani wuri.

Mun yi kurakurai, kuma gara mu faɗa. Da farko ƙwayar gero muka sa a gidan kaka. Ba a yi minti biyar ba wani yaro ya kai ɗaya hanci, Allah Ya taimaka mahaifiyarsa na kusa ta gani. Don haka ban da ƙwaya, ban da maɓalli, ban da allura ko fil, kuma almakashi ya zauna a hannun babba. Na biyu, mun dama sitaci a madadin gam don sauƙin kuɗi. Laimar Legas ta hana shi bushewa, cikin kwana uku ya yi funfuna, kyankyasai suka ƙarasa sauran. Farin gam na 'yan makaranta ya fi, kuma a rataye aikin a bango, kada a ajiye a ƙasa.

Abin da ya biyo baya shi ya sa muka rubuta wannan. Ɗan'uwan nan na Mile 12 ya ce yanzu kullum da safe 'yarsa sai ta leƙa waje ta dawo ta juya kibiya. Ranar Juma'a da suka kira gida, ita ta karɓi wayar ta ce, "Kaka, a wajenku damina ce ko kaka?" Tsohuwar ta yi shiru, sannan ta shiga ba ta labarin yadda ake yankan gero. Ya ce kafin wannan rana hirarsu ba ta wuce gaisuwa.

Wanda ba shi da littafi, akwai shafin African Storybook a intanet, yana da littattafan hotuna na Hausa kyauta, ana iya karantawa a waya. In ma babu, uwa ta zana hadari a takarda ta faɗi sunansa, ya wadatar.

Za mu sake zama Asabar ta farko a wata mai kamawa, bayan la'asar, a ofishin ƙungiya. Wannan karon bakan gizo da walƙiya za a yi. Teloli a taimaka mana da ƙyallaye masu launi, masu shago a ajiye mana kwali. Muna kuma roƙon iyayenmu dattawa biyu ko uku su zo su zauna da yaran, don akwai sunayen iska da na ruwa da mu kanmu muka fara mantawa.

Allah Ya raya mana su, Ya ba mu damina mai albarka a gida da nan. Amin.

Sakataren ƙungiya