Maki Kaɗai Ba Ya Yin Likita

Da yawanmu a ajin kimiyya likitanci muke buri, kuma kullum zancenmu maki ne. Wani labari daga ƙasar Suwidin ya sa mu sake tunani. A 2007, jami'ar Karolinska ta ɗauki wani ɗalibin likitanci ba tare da sanin ya yi zaman kurkuku kan kisan kai ba. Da asiri ya tonu, aka sallame shi a 2008 bisa dalilin maguɗi a takardarsa ta sakandare.

Mun tafka muhawara a kulob. Wasunmu suka ce wanda ya gama hukuncinsa ya cancanci sabuwar rayuwa, ƙofar tuba a buɗe take. Haka ne. Amma majinyacin da aka yi wa allurar barci ba ya iya kare kansa, ransa ya damƙa amana. Shi ya sa makarantun likitanci a Ingila suke binciken tarihin laifin ɗalibansu.

Matsayarmu ita ce a bincika tun kafin ɗauka, a saurari mutum, a bambanta kuskuren ƙuruciya da babban laifi. Mu ma mu kiyaye sunanmu tun daga nan, domin wata rana za a tambaya.