Tsakanin "Ana Tuhuma" da "Ya Aikata"

A darasin nahawu mun koyi cewa "ana tuhumarsa" magana ce da ba ta ƙare ba, "ya aikata" kuwa an rufe ta. A fadar shayi ta unguwarmu a Junju, wannan bambanci ba ya rayuwa ko na minti ɗaya.

Ranar 13 ga Agusta 2023 sojoji suka ce za su gurfanar da Mohamed Bazoum kan cin amanar ƙasa. Ranar 14 ga Yuni 2024 kotu ta cire masa rigar kariya. Lokacin ina gida hutu, na kasa kunne. Masu goyon bayan sojoji ba sa cewa "ana zargi", cewa suke "ya ci amana". Ƴan PNDS Tarayya su ma sun gama tasu shari'ar: "sharri ne, bita da ƙulli." Kowa alƙali, ba wanda ya ga takardar ƙara.

Baffana ya ce mini, "Ɗiyata, mun taɓa ganin haka." Bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010, an kai Tandja Mamadou gidan kason Kollo a Janairu 2011 bisa zargin almundahana, a watan Mayu kotu ta sallame shi. A wancan karo ƴan MNSD Nasara ne ke kukan zalunci, masu adawa da tazarce na tafi. Kotun CEDEAO ta ce a saki Tandja a 2010, ta ce a saki Bazoum a Disamba 2023. Kowane karo wani ɓangare ya kira ta kotun gaskiya, ɗayan ya ce ƴar amshin shata ce. Kalmomin ba su canza ba, bakuna ne suka yi musaya.

Na san fushin mutanenmu ba na banza ba ne. Da aka rufe iyaka, gadar Gaya da Malanville ta tsaya, shinkafa ta gagari talaka. Amma yunwa ba shaida ba ce a gaban alƙali.

Ƴan uwa, ba Bazoum nake karewa ba, "ana" ɗin nan nake karewa. In tsohon shugaban ƙasa zai rasa ta, ɗan kabu-kabun da aka kama a hanyar Kamba da jarkar fetur fa, wa zai tsaya ya ce tuhumarsa kawai ake yi?