Hayaƙin bazara a Matankari

Matafiyin da ya bar babbar hanyar Yamai zuwa Ƙwanni a Dogon Dutsi ya nufi arewa cikin watan Afrilu, kafin ya hangi rumbunan Matankari zai fara hangen hayaƙi. Siriri ne, nan da can, yana tashi daga gonakin jigawa da na bakin fadamar Dallol Mawri. Lokacin sassabe ke nan. Manomi ya sare sabara da kalgo da geza da suka toho bayan girbi, ya haɗa su da ragowar kara, ya tara, ya cinna wuta domin ruwan shuka ya iske gona tas.

Matankari tsohon mazaunin sarautar Arewa ne, kuma mutanen wannan ƙasa sun san abin da wuta ke yi wa gari. A shekara ta 1899 rundunar Faransa ta Vule da Shanuwan ta ratsa ta nan, ta gwabza da mayaƙan Sarauniya a Lugu, ta bar garin toka. Wutar yau ba ta maƙiyi ba ce, ta maƙwabci ce, shi ya sa shari'arta ta fi wuya.

Dokoki biyu ne ke bisa wannan wuta. Ta farko tana cikin takarda. Dokar gandun daji ta ranar 8 ga Yuni 2004, wadda ta gaji ta 1974, ta hana wutar daji, sai wadda hukuma ta tsara domin gyaran dajin kansa. Ma'aikatan gandun daji ne ke tsaronta, su ne kuma ke cin tara. Sai dai dajin yana da faɗi, ma'aikatan kuwa ba su da yawa.

Ta biyu tana bakin dattawa, kuma ita ce ta fi aiki. Ba a sakin wuta ta bi gona, tari-tari ake yi. A share kewayen kowane tari. A jira la'asar sakaliya, iska ta kwanta. A faɗa wa mai gonar da ke maƙwabtaka, kada kuma a tafi gida sai garwashi ya mutu. Wanda wutarsa ta ƙetare iyaka ta ci rumbu ko zana ko tarin harawa, a gaban mai gari zai yi bayani. In ba a daidaita ba, magana ta wuce gaban sarki. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta tabbatar wa sarakunan gargajiya wannan matsayi na sasantawa kafin a kai ga alƙali.

Akwai kuma makiyayi. Kowace shekara bayan girbi hukuma kan sa ranar sakin gonaki, dabbobi su shiga su ci kara su bar taki. Mai gonar da ya riga su da ashana, abincin shanun wani ya ƙone, da takin gonarsa.

To, don me ake ƙonawa? Manomin Arewa ba wawa ba ne. Ya san tsutsar da ke huda karan hatsi a cikin busasshen kara take kwana duk rani, tana jiran damina. Wuta na rage ta. Ya san tari maɓoyar maciji ne da kunama, ya san toka na da amfani. Amma jigawa rairayi ce. Karan da aka bari kwance shi ke tare ƙasa in iskar hadarin farko ta taso tana binne shuka, shi gara ke ja cikin ƙasa ya zama taki. Masu binciken noma na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, sun daɗe da nuna cewa gonar da aka bar wa karanta ta fi ba da hatsi. Ga kuma ƙananan gawo da ke tohowa: wuta ba ta bambanta su da sabara. Sassaben zamani, wato a bar wa kututture reshe biyu ko uku masu ƙarfi su girma, shi ne ya mayar da itatuwa gonakin jahar Maraɗi tun daga shekarun 1980, kuma ba ya jituwa da harshen wuta.

Abin da tara ba ta iya yi ba, kasuwa tana yinsa. Kara ya yi daraja. Ana ɗaure shi dami-dami, a ɗora bisa rufin ɗaki ko a loda wa amalanke zuwa Dogon Dutsi, inda masu kiwon turke ke jira, balle in layya ta matso. Mutum ba ya ƙone abin da zai sayar. Sai dai ribar ba ta kai ga gona ba: da a ƙone kara da a kwashe shi, duk tsirara ake barin ta.

Akwai wani mai gona da ba a cika ambata ba, alhali mai yiwuwa shi ne ke riƙe da wannan jarida. Ɗan Arewa ne, ma'aikaci a Yamai ko ɗan kasuwa a Doso, yana da gonar gado a gida. In bazara ta yi sai ya aika kuɗin sassabe, a ɗauki ɗan ƙodago. Shi kuwa ɗan ƙodago da yawan filin da ya share ake biyan shi, ba wanda ya ce masa ya bar gawon da ke kudancin gona, ashana kuma ta fi gatari sauri. In wutar ta tsallaka, ba shi za a nema ba, don ya riga ya wuce wata gona. Sunan mai gonar za a kira a ƙofar mai gari, ƙanensa da ke zaune a garin shi zai durƙusa ya ba da haƙuri.