Gurnanin da ke cikin ɗaki



Da yawa kun tambaye ni me ya sa na yi alkawarin sa kiɗan wani yaro na nan garin a shirin daren Asabar, sannan na yi shiru har sati uku. To ga dalili.

Yaron ɗan yayata ne. Gita yake kaɗawa, mai aiki da wuta. Da Bombino na Agadas ya fara, sai ya ji Mdou Moctar, musamman faifansa Afrique Victime na 2021, daga nan ya zarce zuwa kiɗan da Turawa ke kira metal, wanda su Black Sabbath suka buɗe wa hanya a Ingila wajajen 1970. Kiɗa ne da ake murɗa ampli da gangan har sautin ya dishe, ya yi kauri. Uwarsa dai ta ce hayaniya ce.

Ya ɗauki kiɗansa a ɗakinsa, ya kawo min a kati. A waya ban ji laifi ba. Da na sa a manyan lasifikokin wurin aiki, duk sanda ya taɓa tsirkiya ta biyu daga masu kauri sai wani "wuuum" ya taso ya haɗiye komai, kamar babbar mota ta tsaya a ƙofar gida. Na ce masa wannan ba ya fita a rediyo. Ya ce, "Kawu, mikro ne ba shi da kyau." Kwana biyu sai yayata ta kira ni, wai zai sayar da ragon da take kiwata masa, ya tafi Sabon Gari a Kano sayen sabo. Nan na bar wasa, na tafi ɗakin.

Abu biyu sun warware nan take. Akwai wani zuuu da ba ya tsayawa ko ba a kiɗa. Muka cire cajar kwamfuta daga bango, ya ɗauke. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a sakan, ita ce ke shigowa ta waya. Sai kwanon rufi da ke karkarwa a gefe guda, muka ɗora masa tsohuwar taya.

Gurnanin kuwa yana nan. Sai na yi kuskuren da ya ci mana sati guda. Na buɗe FL Studio, na yi dabarar da aka saba: ka zaɓi siririn yanki na sauti ka ɗaga shi sama, ka riƙa jan shi a hankali daga ƙasa zuwa sama, inda kunnenka ya ce "wayyo", nan ciwon yake. Na same shi a wajen hertz 110. Na yanke shi sosai. Na ji wani kusa da shi, na yanke. Na ƙara wani. Kafin in ankara na huda kiɗan wuri bakwai. Wanda ke neman laifi da wannan dabara ba ya rasawa, don duk abin da ka ɗaga haka zai yi muni. Yaro ya saurara ya ce, "Kawu, wannan ai kukuma ce, ba gitata ba." Gaskiyarsa.

A hanyar gida darasin fizik na lise ya faɗo min, wanda lokacin nake ganin ba zai taɓa yi min amfani ba. Washegari na zo da igiyar awo. Ɗakin siminti ne, mita 3.2 kowane gefe. A zafinmu sauti na tafiyar kusan mita 350 a sakan. Ka raba 350 da ninkin faɗin ɗakin, wato 6.4, za ka samu kusan 55. Ninkinsa 110. Tsirkiyar nan kuwa, wadda masu gita ke kira "la", daidai 110 take bugawa. Ke nan sautin yana dukan bango ya dawo ya hau kan kansa, kamar yadda tulu ke amsa maka idan ka yi magana a bakinsa. Da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, bangon huɗu duk murya guda suke amsawa. Shi kuma ya cusa ampli a kusurwa, inda abin ya fi taruwa.

Bai yarda ba sai da na sa sautin 110 shi kaɗai ta ampli, na ce ya zagaya. A kusurwa kamar kai zai tsage. Ya matsa taku ɗaya daga bangon biyu, sautin ya kusa ɓacewa. Ya tsaya yana kallona. Ko mikro na jika ɗari ka kawo, abin da ɗakin ya faɗa shi zai ɗauka, ƙila ma ya fi jin sa.

Ga masu liƙa kwalin ƙwai a bango: zangon wannan sauti ya wuce mita 3, kwali ba ya tare shi. Ado ne kawai.

Muka fitar da ampli daga kusurwa, muka ɗora a kujera, mikro dab da bakin lasifika. Muka buɗe ƙofa, muka jingina katifa da buhunan gero a kusurwoyi. Ya sake kaɗawa daga farko, abin da ya fi ƙi ke nan. Wannan karon yanka biyu kawai na yi, ƙanana: desibel 3 a 110, da kaɗan a wajen 3,000, inda kunnen ɗan Adam ya fi saurin jin zafi. Na biyun saboda ku na yi shi, don ƙaramar lasifikar waya ba ta fitar da gurnani, tsinin take turo muku.

Ranar Asabar na sa shi bayan labaran ƙarfe tara. Wani dattijo ya kira daga Dogo-Dogo yana tambaya ko rediyonsa ne ya lalace. Matasa uku daga Bande suka ce a maimaita. Yayata ba ta ce komai ba, amma rago yana nan ɗaure a turke. Akwai wata 'yar ƙara a minti na biyu da har yanzu ban gano tushenta ba. Ina zargin marfin taga.