Daga Bima Zuwa Dukku: Duwatsun Da Ke Raba Ruwa

Duk matafiyin da ya bar Gombe ya nufi gabas ta hanyar Biu, kafin ya isa Dadin Kowa zai hangi wani dogon dutse ya yi kwance a gefen Kogin Gongola. Wannan shi ne Dutsen Bima. Wanda ya ɗauki ɓarɓashinsa ya murza zai ga yashi na zuba a tafin hannunsa. Dalili kuwa shi ne asalinsa yashi ne, wanda ya daɗe a danne har ya dunƙule ya zama dutse. Irinsa ake kira dutsen yashi.

A ƙasar Gombe akwai manyan iri uku na wannan dutse, ko wanne da halinsa. Halin nan kuwa shi ke yanke wa gari hukuncin samun ruwa ko rashinsa.

Na fari shi ne na Bima, wanda masana suka ba sunan dutsen nan. Shi ne yayansu, gama ya haura shekara miliyan 100. A zamanin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu ƙasa ta tsage, kwarin Binuwai ya samu, sai koguna suka riƙa kwaso tsakuwa da yashi daga tuddai suna jibgewa a ciki, har kaurinsa a wajen Lamurde ya kai kusan mita 3,000. Ƙwayarsa manya ce, garje-garje. Ban da ƙanƙarar dutse, akwai wani ma'adini a ciki wai shi felsfa, mai saurin ruɓewa. Samunsa da yawa shaida ce cewa yashin bai yi doguwar tafiya ba kafin ya kwanta. A jikin dutsen ana ganin layuka a karkace, watau sawun igiyar kogunan da suka ƙafe tun tuni. Ruwa yakan zauna a tsakanin ƙwayoyinsa da cikin tsagoginsa.

Bayan wannan zamani teku ta shigo ta rufe ƙasar, ta bar laka da dutsen da ake yin siminti da shi a Ashaka tun 1979. Da ta janye, kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, sai iri na biyu ya kwanta a bakin gaɓa da fadamu. Shi ake kira na Gombe, kuma matafiyi zai gan shi in ya komo cikin gari. Ƙwayarsa ƙanana ce, mai laushi, tsatsar ƙarfe ta rina shi ja, ga kuma yumɓu shimfiɗe a tsakaninsa hawa-hawa. Itatuwan da suka ruɓe a fadamun nan su ne suka zama kwal ɗin da ake haƙa a Maiganga, kusa da Kumo. Yumɓun nan yakan tare ruwa ya hana shi nutsewa, saboda haka akan dace da rijiya. Amma inda aka sare itatuwa aka bar ƙasa tsirara, ruwan damina yakan zaizaye shi, ya buɗe kwazazzabai masu cinye gidaje.

Daga Gombe in aka hau tudu aka nufi Dukku, sai a taka iri na uku, wanda ake kira Kere-Kere. Shi ne autansu, shekarunsa wajen miliyan 60. Abin da ya liƙe ƙwayoyinsa ba shi da ƙarfi. A wasu wurare, kamar ƙasar Alkaleri, ana samun farin yumɓu a cikinsa. Ga ido ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai daɗin noma, amma fa rariya ce. Ruwan sama na sauka sai ya zurare can ƙasa, ba abin da zai tare shi. A wurare da dama sai an wuce mita 100 kafin a tad da shi. Shi ya sa da rani mutanen ƙauyukan yankin ke dogara ga tafkuna, mata da yara su yi sammako da jarkoki, makiyaya su kora shanu zuwa bakin Gongola. Ruwa na nan ƙarƙashin ƙafafunsu, guga ce ba ta kaiwa.

To, a nan ne sanin dutse ya zama wajibi. Jama'ar gari sukan yi karo-karo su tara kuɗin rijiyar burtsatse, a zo a haƙa da ma'aunin wani wuri, a tsaya kafin a cim ma ruwa. Kuɗi ya tafi, ƙishirwa na nan. Zurfin da ya wadatar a gindin Bima ba zai yi kome ba a tudun Dukku. Saboda haka kafin injin ya taɓa ƙasa, ya kamata a nemo masani ya duba ko wane iri ne ke kwance a wurin. Matambayi dai ba ya ɓata.